Maigidana Ya Kamu Da Son Tsohon Gida A Karkarar Ingila

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, muna zaune a birnin Leeds na ƙasar Ingila da maigidana da 'ya'yanmu uku, babbar tana da shekara 14, autan kuma shekara 6. Maigidana babban likita ne, ni kuma ina aikin akanta na rabin yini. Tun bara ya kamu da son wani tsohon gida a karkarar Arewacin Yorkshire, wanda aka gina wajen 1790 domin limamin cocin ƙauyen. Gidan yana da ɗakunan kwana bakwai da lambu mai katanga da itatuwan tufa da fili eka biyar, kuma yana cikin rajistar gine-ginen tarihi a mataki na biyu. Fam 900,000 suke nema. Gaskiya gidan ya haɗu, ni ma da na gan shi sai da ya shiga raina. Sai dai tafiyar fiye da awa ɗaya ce daga Leeds, babu masallaci, babu Islamiyya, babu mai sayar da naman halal, kuma na ji warin danshi a ɗakunan sama. Shi kuwa yana cewa ya gaji da ƙuncin birni, yana so yara su tashi suna ganin ƙasa da dabbobi kamar yadda ya tashi a gonar kakansa, kuma yana so ya bar musu abin gado. Ya riga ya yi tayi, masu gidan sun sallama. Duk lokacin da na yi magana sai ya ce ina kashe masa gwiwa. Ina tsoron in hana shi ya riƙe ni a zuciya, ina kuma tsoron in amince mu ɗauki abin da ya fi ƙarfinmu. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata 'yar'uwa a Leeds

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara kwantar miki da hankali a kan abin da na ga ya fi tayar miki da shi. A dokar Ingila, tayi da sallamawa ba sa ɗaure mai saye ko mai sayarwa har sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi musayar takardun yarjejeniya. Kafin wannan rana maigidanki yana da damar janyewa, ko ya nemi ragi, kuma ba zai yi asarar komai ba sai abin da ya kashe wa lauya da mai duba gini. Saboda haka bakin alƙalami bai bushe ba, kuna da lokacin yin tunani, in dai kun yi amfani da shi tun yanzu.

Ina so ki yi wa maigidanki adalci kafin mu shiga lissafi, domin abin da ya ja hankalinsa abu ne na gaske. Gidajen da aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 a Ingila suna da wani tsari da magina na yau ba kasafai suke kai wa gare shi ba: bangon dutse mai kauri, silin mai tsayi, dogayen tagogi da ke cika ɗaki da haske, da lambun da katangarsa ke tare iska har itatuwan marmari su yi 'ya'ya a ƙasar da sanyi ya yi wa yawa. Mutumin da ya yini a asibiti tsakanin marasa lafiya da ƙarar na'urori, idan ya tsaya a irin wannan fili bai ji komai ba sai kukan tsuntsaye da tumaki, dole zuciyarsa ta kwanta. Ga shi kuma ya taso a gona, ya yi shekaru a gidan birni inda ake jin tarin maƙwabci ta bango. Ban ga alamar son nuna isa a cikin abin da kika faɗa ba. Na ga mutum ne mai kewar ƙasa, mai son ya ga 'ya'yansa suna gudu a fili. Ke ma kin ce gidan ya shiga ranki, kuma ya kamata ya ji haka daga bakinki, domin ina zargin tunda aka fara maganar nan tsoronki kaɗai yake ji.

Amma akwai abin da hotunan dillalai ba sa nunawa. An gina irin waɗannan gidaje ne a zamanin da hannun aiki yake da arha. A ƙidayar 1911, masu aikatau a gidajen Ingila da Wales sun haura miliyan ɗaya, kuma ko limamin ƙauye yana da mai dafa abinci da mai shara da mai kula da lambu. Da yaƙin duniya na farko da na biyu suka wuce, ma'aikata suka koma masana'antu da ofisoshi, harajin gado ya hau, sai manyan gidaje suka fara gagarar masu su. A shekarun 1950 an rushe ɗaruruwansu, har gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya shirya nuni na musamman a 1974 a kan wannan asara. Masu gidan Chatsworth, ɗaya daga cikin manyan gidajen masu sarauta a Ingila, da duk arzikinsu, an ɗora musu harajin kashi 80 cikin 100 bayan rasuwar maigidan a 1950, har sai da suka miƙa wani gidansu, Hardwick Hall, ga gwamnati a madadin kuɗi. Wani katafaren gida mai suna Wentworth Woodhouse da ke kusa da garin Rotherham, wata gidauniya ce ta saye shi a 2017 kan fam miliyan 7, gwamnati kuma ta ba da fam miliyan 7.6 domin gyaran gaggawa, wato fara tsayar da yoyo kawai ya fi kuɗin sayen gidan. Na san gidan da kuke magana bai kai ko kusa da waɗannan ba, amma halinsu ɗaya: kuɗin saye shi ne mafi sauƙin abin da tsohon gida yake ci, kuma aikin da mutum uku ko huɗu suke yi a dā yanzu zai faɗa kan mutanen gidan.

Batun rajistar tarihi yana buƙatar ku fahimce shi sosai. Mataki na biyu shi ne mafi ƙasa cikin matakai uku (na ɗaya, na biyu mai tauraro, sannan na biyu), kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen da ke rajistar suna cikinsa, abin da ke sa mutane su ɗauka da sauƙi ne. Dokar 1990 da ta shafi waɗannan gine-gine ta ƙunshi gidan gaba ɗaya, ciki da waje, kuma takan haɗa da tsofaffin katangu da barga da ke harabarsa. Duk aikin da zai sauya kamanninsa na tarihi, kamar canza tagogi, ko fasa bango don a faɗaɗa kicin, ko toshe murhu, ko ƙara banɗaki a ɗakin kwana, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Neman izinin kyauta ne, amma zanen da mai tsara gini zai yi da watannin jira ba kyauta ba ne, kuma ana iya hana ku. Yin aiki ba izini laifi ne da kotu ke iya yanke wa tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Abin da ya fi kama masu saye kuwa shi ne, idan mai gidan na baya ya yi sauyi ba izini, hukuma tana iya tilasta wa sabon mai gida ya mayar da komai yadda yake da kuɗinsa, kuma wannan ba ya wucewa don an daɗe. Ki sa lauyanku ya nemo takardar izinin kowane gyara da aka yi, a kwatanta da abin da ido yake gani.

Warin danshin da kika ji kada ki bari kowa ya ce miki ƙorafin mata ne. Tsohon gini a Ingila da farar ƙasa ake haɗa duwatsunsa, ita kuwa tana barin danshi ya shiga ya fita. Idan wani ya zo daga baya ya shafe bangon da siminti ko fentin roba, ruwa yakan maƙale a ciki, dutse ya riƙa marmashewa, katako ya ruɓe. Duk wanda ya san ginin ƙasa a Kano ko Zariya ya san wannan: bangon da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina yakan yi shekaru aru-aru, wanda aka lulluɓe da siminti don a huta kuwa yakan ci ta ciki har wata rana ya zube. Danshi a ɗakunan sama galibi yana nuna matsalar rufi ne, ko indararo, ko bututun hayaƙi, kuma su ne gyare-gyare mafi tsada, tunda dole a yi amfani da irin kayan asali da maginan da suka iya su, waɗanda ba su da yawa kuma ana layin jiransu. Kada ku dogara da ɗan leƙen da banki zai aiko a yi don ƙiyasta daraja. Ku ɗauki ƙwararren mai duba gini ɗan ƙungiyar RICS wanda ya saba da gine-ginen tarihi, ya yi cikakken bincike na mataki na uku, wato mafi zurfi a binciken gini, ya hau cikin rufin, ya rubuta abin da ke buƙatar gyara yanzu da abin da zai iya jira shekara biyar ko goma, tare da ƙiyasin kuɗi. Ƙungiyar SPAB, wadda ke kare tsofaffin gine-gine tun 1877, tana ba masu gidaje shawara ta waya kyauta.

Ke akanta ce, don haka nan ne hannunki ya fi ƙarfi. A ƙa'idar harajin sayen gida da ta fara aiki a Afrilun 2025, gidan fam 900,000 harajinsa fam 35,000 ne. Idan ba ku sayar da gidanku na Leeds kafin nan ba, za a ƙara kashi 5 cikin 100, wato fam 45,000, kodayake ana mayar da wannan ƙari idan kun sayar da tsohon gidan cikin shekara uku. Gyara yana ɗauke da harajin kashi 20 cikin 100, kuma rangwamen da ake yi wa sauye-sauyen gine-ginen tarihi an soke shi tun 2012. Inshora kuma a kan kuɗin sake gina gidan da irin dutsensa da katakonsa ake lissafa ta, wanda sau da yawa ya fi kuɗin kasuwa. Yawancin gidajen ƙauye irin wannan ba su da bututun iskar gas, da kananzir ake ɗumama su daga tanki, kuma ɗakuna bakwai masu dogon silin da tagogi masu gilashi ɗaya suna shan mai sosai. Ki nemi masu gidan su nuna miki rasiɗan mai da lantarki na shekara uku da suka wuce. Ki tambayi inda ruwan masai yake zuwa, domin idan ramin yana zuba kai tsaye cikin rafi, dokar muhalli ta hana, sai an canza shi. Idan ta hanyar bankin Musulunci za ku saya, ku tambaya tun yanzu ko yana karɓar gidan tarihi mai eka biyar, kada a yi nisa sannan a ji a'a.

Filin ma yana da nasa nauyi. Eka biyar ba a gyara ta da injin yankan ciyawa na ƙofar gida, ga shinge, ga magudanan ruwa, ga tsofaffin itatuwa da wataƙila doka ta hana a sare ko a rage musu reshe sai da izini. Idan jemagu sun yi sheƙa a rufin, doka tana kare su, kuma hakan yana iya jinkirta gyaran rufi watanni. Akwai kuma abin da ya shafe ki kai tsaye: a karkarar Ingila akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da ke ratsa filayen mutane, mai fili ba shi da ikon toshe su. Matar da ke mafarkin zama a lambunta ba mayafi ya kamata ta duba taswirar ƙaramar hukuma ta ga ko irin wannan hanya ta bi ta bayan gidan.

Duk da haka, abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne rayuwar yau da kullum, domin kuɗi ana iya lissafa su, ita kuwa sai an shiga ake ganewa. Maigidanki zai fita da duhu ya dawo da duhu. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu a Yorkshire, ba ta fitowa sai bayan takwas. Ke ce za ki jira mai gyaran famfo, ki kai yara makaranta ta ƙananan hanyoyi masu ƙanƙara, ki yi tafiyar awa biyu zuwa da dawowa don Islamiyya da cefane, kuma aikinki na rabin yini wataƙila shi ne zai fara tafiya. Haƙƙinki ne ki faɗi wannan a fili ba tare da jin kunya ba. Shi ma akwai abin da zai duba: yarjejeniyar aikin manyan likitoci a Ingila takan ƙunshi sharaɗin zama tsakanin mil 10 ko tafiyar minti 30 daga asibiti, sai in hukumar asibitin ta yarda da akasin haka. Idan yana cikin masu jiran kiran gaggawa da dare, wannan kaɗai yana iya yanke maganar, ko ya tilasta masa kama ɗaki a Leeds, ku zama iyali biyu a gida biyu.

Sai 'yarku babba. A shekara 14 ta shiga ko tana gab da shiga shekaru biyun da ake shirya jarrabawar GCSE, wato babbar jarrabawar sakandare a Ingila, kuma canza makaranta a tsakiyarsu yakan jawo cikas, tunda makarantu ba manhaja ɗaya suke bi ba. Ga kuma ƙawaye, ga yiwuwar ta zama ita kaɗai mai ɗaura ɗankwali a ajinsu. Ba na cewa mutanen ƙauye za su ƙi ku, da yawa daga cikinsu masu karamci ne, kuma likita yakan samu mutunci a duk inda ya sauka. Amma ku je makarantar da kanku, ku gana da shugabanta, ku bar yarinyar ta faɗi ra'ayinta ba a gaban mahaifinta kaɗai ba. Autan kuwa ina jin shi ne zai fi kowa morar wannan ƙaura, kuma wannan ma a sa shi a ma'auni.

Shawarata ita ce ku gwada kafin ku saya. Kun ga gidan ne, ina kyautata zato, a lokacin da itatuwa suke kore. Ku nemi tsohon gida na haya a wannan yanki ku zauna a cikinsa a tsakiyar hunturu. Gidauniyar Landmark Trust, wadda aka kafa a 1965, tana ba da hayar gine-ginen tarihi na kwanaki ko makonni, ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi ma haka. Sai dai kada ku mayar da shi hutu: ya riƙa zuwa aiki daga can, ke ki yi jigilar yara, ku je Juma'a daga can, ku ga yadda abin yake a jiki. Idan za ku iya kama hayar wata shida ko shekara, ya fi. Na san zai ce kafin nan wani zai saye gidan. Yana iya faruwa. Amma cocin Ingila ya sayar da dubban gidajen limamai a ƙarnin da ya wuce, suna fitowa kasuwa a kai a kai, kuma irinsu masu buƙatar gyara sukan daɗe ba a saya ba.

Ki kuma taimaka masa ya tantance abin da yake so a cikin gidan, domin ba lallai ne sai wannan gida kaɗai zai ba shi ba. Idan ƙasa da dabbobi ne, akwai gidajen dutse masu eka ɗaya ko biyu a kewayen Otley da Ilkley da Wetherby, inda Leeds da Bradford, da masallatansu da mahautansu, ba su yi nisa ba, wasu ma ba sa cikin rajistar tarihi. Idan tsohon gini da faffaɗan fili ne, akwai manyan gidajen da aka raba gida-gida, kowa da ɓangarensa, ana haɗa kuɗi ana biyan masu kula da rufi da lambu, sai dai a karanta sharuɗɗan kuɗin hidima da kyau. Kuna ma iya zama inda kuke shekara biyu har yarinyar ta gama jarrabawa, kuna tara kuɗin gyara a gefe, a ƙarshen mako ku riƙa zuwa wurare irin su Harewood House da ke bakin Leeds.

Game da abin gado kuma, niyyarsa kyakkyawa ce, amma gida guda mai cin kuɗi ba shi da sauƙin rabawa tsakanin 'ya'ya uku, kuma sau da yawa magada sayarwa suke yi. Ma'aurata a Ingila suna iya bar wa 'ya'yansu dukiyar da ta kai fam miliyan ɗaya ba haraji idan sharuɗɗa sun cika, abin da ya haura kuwa ana cire kashi 40 cikin 100. Sannan idan babu rubutacciyar wasiyya, dokar ƙasar ce za ta raba, ba tsarin gadon Musulunci ba. Wannan aiki ne da ya kamata ku yi da lauya da malami, ko an sayi gidan ko ba a saya ba.

Yadda za ki yi maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Ki zaɓi lokacin da ya huta, yara ba sa nan. Ki fara da gaya masa abin da kika so a gidan, da cewa kin fahimci kewar da yake yi. Sannan ki ce masa kina so ku yi aikin tare, shi ya ɗauki ɓangaren mai duba gini da hukumar asibiti, ke ki ɗauki lissafi da makarantu, ku sa ranar da za ku zauna da takardun a gabanku. Ki faɗi sharuɗɗanki tun kafin sakamakon ya fito, don kada ya ga kamar kina neman dalilin ƙi ne: a samu kuɗin gyaran shekara biyar a ajiye bayan an biya gida da haraji, a sa albashin mai kula da fili da mai taimaka miki a kasafin wata, a warware batun karatun yarinyar da Islamiyya, kuma kada a yi musayar yarjejeniya sai kun yarda ku biyu. Ku yi istihara, kowa da kansa. Idan ya ƙi sauraro gaba ɗaya, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, zai fi kyau wanda ya daɗe a ƙasar ya san harkar gidajenta, ya zauna da ku, ba tare da kin kai ƙara gida Najeriya ba tukuna.

Idan rahoton mai duba gini ya zo da sauƙi, asibiti ta yarda, lissafinki ya tsaya, kuma hunturun gwaji ya wuce kina jin za ki iya, to ki amince da zuciya ɗaya, ku nemi ragi daidai da gyaran da rahoton ya nuna. Idan kuwa ɗaya daga cikinsu ya rushe, ki bar takardun su yi magana, ke kuma ki zama ta farko da za ta kawo masa hoton wani gida mai fili kusa da Leeds. Allah Ya zaɓa muku mafi alheri, Ya ƙara muku fahimtar juna. Ki rubuto mini idan rahoton ya fito.